Situdiyon da ya haɗa min tallar butik, da maganar ba da waƙa a yi talla da ita

Mutane da yawa sun tambaye ni wa ya haɗa min tallar nan ta butik ɗina da ake sawa a rediyo tun farkon azumi, wasu a WhatsApp wasu har cikin kasuwa suke tare ni, to bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya karanta ya huta. Sunan situdiyon ba zan sa ba, don akwai yabo akwai kuma abin da bai yi min daɗi ba, kuma ba na son in ɓata ma yaro sana'a a bainar jama'a. Wanda ke so ya same ni ta gefe in kwatanta mishi wurin. Ni dai atamfa da shadda da leshi nake saidawa kusa da Babbar Kasuwar Maradi, ba mawaƙi ba ne ni, amma aikin nan ya sa na zauna da mawaƙa na ji abin da ke cikinsu.

Wurin ɗaki biyu ne a bene, ka hau matakala masu tsayi, tsoho zai sha wuya. Ɗakin ɗaukar murya an lilliƙa mishi soso a bango har da kwalin ƙwai ta sama, ga makirho ɗaya mai kyau, ga kwamfuta da piyano. In za a ɗauki murya dole a kashe panka, to a zafin Maradi wlh mutum na shiga ya fito kamar an watsa mishi ruwa. Amma tsabta akwai ta, takalmi a waje ake barin shi, kuma mai wurin yaro ne mai ladabi, Alhaji yake ce min tun daga gaisuwa har sallama, bai taɓa katse ni ina magana ba.

Da na faɗa mishi abin da ya kawo ni sai ya ce hanya uku ce. Ta farko shi ya buga kiɗa da kwamfuta ya sa yaronsa ya yi magana a kai, wannan ita ce mai araha, jikka kaɗan ne kuma a yini ɗaya an gama. Ta biyu ya samo min mai kwaikwayon murya, ya yi kamar wani sanannen mawaƙi, mutane su ji su zaci shi ne. Ta uku a nemi mawaƙa na gaske masu waƙar da mutane suka riga suka sani, a zauna da su a biya su, su yarda a yi talla da ita. Na tambaye shi to wadda muke ji kullum fa, a ɗauko waƙa daga waya a yanke amshi a ɗora sunan shago a kai? Ya ce Alhaji wannan ni ba na yi, ko ka ninka kuɗɗin, don sata ce kuma gobe da mawaƙan nan zan zauna. Gsky nan ya shiga raina. Don ku duka kun sani, masu maganin gargajiya da lasifika a kan mota, masu saida waya, masu shinkafa, kowa waƙar mutane yake ɗauka ya yi ciniki da ita, mai waƙar ko dala ɗaya bai gani ba, wani lokacin ma yana kan kabu-kabu zai ji muryarsa tana tallar maganin basir.

Kuma ba wai doka ce babu ba. Muna da BNDA a Yamai, ofishin da ke kula da haƙƙin masu waƙa da rubutu da fim, akwai dokar 2010 a kan haƙƙin mai ƙirƙira, kuma Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI ta kare haƙƙin masu ƙirƙira a ƙasashen Afirka, mai cibiya a Yawunde, wadda ta tsaya a kan yarjejeniyar Bangi ta 1977. Mai situdiyon ne ya fahimtar da ni cewa waƙa ɗaya haƙƙi biyu ne a kanta, akwai na wanda ya tsara baitoci da karin waƙar, akwai kuma na ɗaukar da aka yi, wato wanda ya biya aka naɗe ta da waɗanda suka rera suka buga. Sai ka samu yardar duka biyun. Sannan ko an biya mutum, sunansa na nan a kan waƙarsa, kuma yana da ikon ya hana a juya ta ta yadda za ta zubar mishi da mutunci, wannan ba a saida shi. Yadda ya warware min wannan a hankali da Hausa, ba tare da nuna min shi ya yi lakkal ba, na ba shi maki mai yawa a nan.

Na zaɓi hanya ta uku. Akwai wasu samari huɗu a unguwar Zariya, mai jita ɗaya, mai kalangu, mai piyano da mai rerawa, suna zuwa biki da suna, kuma suna da wata waƙa da ta zagaye garin nan bara, duk fadar da ka wuce da dare sai ka ji ta tana tashi ana zuba shayi. Ita nake so. Mai situdiyo ya kira su, muka haɗu bayan la'asar a ɗakin gaba, aka yi gaisuwa, na faɗi buƙata ta.

Mai rerawar ya yi shiru yana murza hularsa a gwiwa, sannan ya ce Baba ka yi haƙuri, wannan ba za mu iya ba da ita ba. Ya ce don wansa ya yi ta, wanda ya tahi cirani ta hanyar Agadas shekaru ke nan ba labari, kuma innarsu in ta ji waƙar har yanzu sai ta shiga ɗaki. Ya ce in aka yanke amshin aka ɗora farashin atamfa a kai ba zai iya kallon idonta ba. Ni na sha jin waƙar amma amshin kawai nake bi, sai ran nan na san mi take faɗi. Abin da ya burge ni da mai situdiyo, bai matsa mishi ba ko kaɗan, alhali shi ma yana da kaso a cinikin, bai ce a ƙara kuɗɗi ba bai ce a yi tunani ba, kawai ya juya ya ce to ku jiyar da Alhaji ta bikin nan. Mai kalangu ya ɗauko kalangunsa ya matse a hammata, suka yi min wata ta rakiyar amarya nan take ba makirho ba komi, tana maganar lefe da kayan ɗaki da ƙawaye sun yi anko. Kafin su kai amshi na biyu na san ita ce ta dace da kayan da nake saidawa, ta ma fi waccan dacewa nesa ba kusa ba.

Ga yadda aka yi cinikin, don nan ne amfanin yake ga duk wanda zai bi wannan hanya, ko ɗan kasuwa ko mawaƙi. Ba sayen waƙar na yi ba, aronta na yi da kuɗɗi. An rubuta daga farkon azumi zuwa bayan babbar Sallah. An rubuta rediyo na cikin jihar Maradi da WhatsApp da Facebook na butik ɗina, banda talbijin, in ina son talbijin sai an sake zama. An rubuta tallar tufafi kaɗai, ba ni da ikon in ba wani ɗan'uwana mai saida wani abu ya yi amfani da ita. Su kuma sun yarda cikin wannan lokaci ba za su ba wani mai atamfa a garin nan waƙar ba. Sannan da bakinsu suka sa a ƙara layi ɗaya, cewa ba za a taɓa sa ta a taron siyasa ba ko da ni ne na tsaya takara, muka yi dariya amma an rubuta. Waƙar tasu ce, suna ci gaba da yin ta a biki yadda suka saba, amshi ɗaya ne kawai suka sake rerawa da sunan butik. Na biya jikka 150 gaba ɗaya har da aikin situdiyo, kuɗɗin rediyo daban.

To a fadarmu sai da aka yi musu a kan wannan har shayi ya huce. Wani abokina malamin lakkal ne, ya ce shi a ganinsa mawaƙin da ya ba da waƙarsa aka yi talla ya zubar da ita, don daga ran nan duk wanda ya ji ta ba amarya zai tuna ba, butik ɗin Alhaji zai tuna. Ban ce maganarsa banza ce ba, akwai gaskiya a ciki, ni kaina ɗiyata ƙarama yanzu in ta rera amshin da sunan butik take rerawa. Kuma ba mu kaɗai ke wanga musu ba, a ƙasashen Turawa an daɗe ana yin shi. Neil Young a 1988 waƙa guda ya yi yana zagin mawaƙan da ke saida muryarsu ga kamfanonin lemo da giya. Shi kuma wani da ake kira Moby, kundinsa na 1999 waƙoƙi 18 ne a ciki kuma duka sai da ya ba da su aka sa a talla da fina-finai, lokacin da gidajen rediyo ba su kula shi ba, ta nan duniya ta san kundin ya sayu miliyoyi. Kowanensu da hujjarsa.

Amma ni abin da na ce ma malam shi ne, mu duba inda muke. Mawaƙin Hausa tun asali da mai sana'a yake tafiya. Kalangu kiɗan mahauta ne, manoma da makaɗansu, maƙera da nasu, 'yan dambe da 'yan kokowa da nasu, sarakuna da nasu. Tun da ɗan kokowa Kantu ya ɗauko ma Maradi takobin kokowar ƙasa na farko a Tawa a 1975 har yau ba a shiga fili ba makaɗi. Alhazan garin nan da suka yi suna da gyaɗa da fatauci tsakaninmu da Katsina da Kano, da yawansu waƙa ce ta kai sunansu garuruwan da ƙafarsu ba ta taka ba, kuma ba kyauta aka yi musu ba, riguna da dawaki da motoci da kujerar Makka suka bayar. Mamman Shata har ya rasu a 1999 yana yi ma masu sana'a da masu dukiya waƙa, wa ya ce ya zubar da kansa? To don mi in yaro ya karɓi kuɗɗi a rubuce da takarda sai a ce ya saida mutunci, in kuma ya tsaya a gaban mutum yana wasa shi har a liƙa mishi a goshi wannan al'ada ce? Ni a ganina na takardar ma ya fi mutunci, don an san nawa ne, an san zuwa yaushe, ba roƙo a ciki.

Sannan a ina ake so su ci abinci? Zamanin kaset ya wuce, CD ma ya wuce. Yau waƙa ta fito da safe, kafin azahar tana cikin katin memwar a wurin masu tura waƙa a bakin tasha, mai turawar ya karɓi kuɗɗinsa, daga nan Bluetooth da Xender su ƙarasa aikin. Mdou Moctar, mai jitar nan na Nijar, shi ma ai ta haka waƙoƙinsa suka yawata daga waya zuwa waya a ƙasar nan kafin wani kamfanin Amurka ya tattara irin waɗannan waƙoƙi ya fitar a 2011 duniya ta ji shi, to mutum nawa ne za su yi wannan sa'a? YouTube kuwa sai kana da mabiya 1000 da awa 4000 na kallo kafin a fara maganar kuɗɗin talla, alhali masu son waƙar yaran nan yawancinsu ba su da kuɗɗin megas da za su zauna kallo, saukewa suke sau ɗaya su raba ma unguwa. Saura biki, biki kuma lokaci gare shi, da azumi babu, da damina sai a hankali. Mai jitar ya ce min da kasonsa zai canza wayoyin jita ya biya haya. In ka ce ma irin wannan yaro kar ya ba da waƙarsa don tsarkin fasaha, to ka faɗa mishi wa zai biya hayar.

Don haka ni ra'ayina su bayar, amma su bayar irin yadda yaran nan suka yi. Su san wadda ake bayarwa da wadda ba a taɓawa. Su san wa suke ba, don tallar atamfa daban, tallar caca ko man bilicin ko maganin da ba a san asalinsa ba daban, in abin ya cuci mutane muryarka za a tuna ba fuskar mai kayan ba. Kuma dan Allah kar su saida gaba ɗaya har abada don an nuna musu kuɗɗi a dunƙule ana gobe Sallah. Wanda ya ba da aron gona damina ɗaya gonarsa na nan, wanda ya saida kuwa sai dai ya wuce ya ga hatsin wani a ciki.

Yanzu abin da bai yi min daɗi ba da situdiyon, kuma na faɗa mishi a gabansa kafin in rubuta nan.

Babba a ciki ita ce hanyar nan ta biyu, ta mai kwaikwayon murya. Mutumin da ya ce ba ya yanke waƙar wani don sata ce, ya za a yi kuma ya sa yaro ya kwaikwayi muryar wani don a ruɗi mai saurare? Ai duk ɗaya ne, ta wani fannin ma wannan ta fi muni, don mutane za su tahi da cewa mawaƙin ne da kansa ya tsaya ma kayan. A Amurka wani mawaƙi Tom Waits ya ƙi yin talla, sai kamfanin Frito-Lay ya sa aka samo mai irin muryarsa, ya kai su kotu, a 1990 aka yanke a biya shi sama da dalar Amurka miliyan 2. Da na ce ma mai situdiyo wannan bai dace da shi ba sai ya ce Alhaji masu so ne suka yi yawa, in ban yi ba na ƙasa da ni zai yi. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba har yanzu, kuma ita ce ta hana in ce wurin ya cika goma.

Na biyu takardar. Da Faransanci zalla aka buga ta, alhali cikin samarin huɗu ɗaya ne ya yi nisa a lakkal, ni ma nawa Faransancin na lissafi ne da gaisuwa. Mai situdiyo ya karanta ya fassara da baki, kuma na yarda bai ɓoye komi ba don na kai ma malam ya duba min daga baya, amma ba haka ya kamata ba. Mutum zai sa hannu a kan abin da ya fito daga cikinsa, a ba shi da harshen da yake ji, ko da boko ko da ajami, ko a ɗauki murya a waya ana karantawa kowa ya riƙe. Sannan kason situdiyo ba a rubuta shi a fili ba da farko, kuɗɗin a dunƙule aka sa, sai da na ce ina so in san nawa ne zai shiga hannun yaran kafin ya raba shi gida biyu a takarda. Kason nasa bai yi yawa ba, daidai ne da wahalarsa, to mi ya sa ba za a rubuta ba tun farko?

Sauran ƙanana ne. Alkawarin lokaci bai cika ba, an ce kafin azumi ya kama za a gama sai da aka shiga ciki, wani ɓangare laifin kuran ne da ke ɗaukewa kuma ba su da injin sai batir da ba ya jimawa. Haɗin farko da ya turo min ya cika ma muryar yaron gyaran kwamfuta har ta koma kamar ta kowa, kalangun kuma ya nutse can ƙasa, na ce a'a ni kalangun nan na biya, ya gyara ba gardama kuma bai ƙara ko dala ba. Yaron da ke faɗin adireshi a ƙarshe ihu yake kamar gobara ta tashi, shi ma an sake. Kuma babu wurin zaman mata daban, benci ɗaya ne kowa da kowa, hajiyoyi masu sana'a da yawa ba za su saki jiki a nan ba, alhali su ne suka fi buƙatar irin wannan aiki.

Akwai kuma abin da ba laifinsa ba ne amma ba shi da maganinsa. An rubuta jihar Maradi, to WhatsApp bai san iyakar jiha ba. Wani ɗan'uwana ya ji tallar a Tasawa, wannan cikin jiha ne ba komi, amma wani ya turo min ita daga Jibiya an yanke sunan butik ɗina an ɗora na wani shago. Na kai ma mai situdiyo, ya kira lambar da ke ciki ya yi magana mai daɗi, mutumin ya ce zai cire, iyakar abin da aka iya ke nan. Na shawarci samarin su yi rajistar waƙoƙinsu a BNDA don ko ba komi a samu shaida a rubuce cewa nasu ne, sun ce za su yi, kuma ina ganin situdiyo irin wannan kamata ya yi ya riƙa taimaka ma mawaƙa da cike takardun nan, tunda shi ya san hanya.

Batun ciniki, ba zan ce talla ce kaɗai ta kawo mutane ba don lokacin Sallah ko ba talla ana sayen kaya. Amma mata da yawa sun shigo suna rera amshin suna dariya, wasu daga Tibiri wasu daga Madarunfa, suna tambaya nan ne wurin waƙar? Samarin kuma sun ce bukukuwan bayan Sallah da aka kira su sun fi na bara, har ana ce musu su yi ta Alhaji mai atamfa, su kuma sai su yi ta asalin.

In za ka je, je da safe kafin zafi kuma kafin kuran ya fara wasa, ka tahi da wanda ke karanta Faransanci, ka ce a rubuta kason kowa daban, kuma ka ƙi hanyar kwaikwayo ko ya ce ta fi araha. Yarjejeniyarmu za ta ƙare bayan babbar Sallah, samarin sun riga sun ce in za a sabunta kuɗɗin zai ƙaru tunda waƙar ta ƙara suna, na ce na ji zan biya, amma wannan karon sai an buga takardar da Hausa kowa ya riƙe tasa.